Babi na Shida: Sarauta Ɗaya, Lee Biyu

Ranar 23 ga Janairun 2010, a wani ɗakin ɗaukar shirye-shiryen talabijin da ke Seoul, wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasan ƙarshe na gasar MSL. Samari biyu ne ke fafatawa: Lee Jae-dong mai shekara 20, wanda duniyar wasan ta sani da Jaedong, da Lee Young-ho mai shekara 17, wato Flash. Kowa ya ci zagaye ɗaya, na uku ya yi nisa, an yi kare jini biri jini a kan taswirar Odd-Eye, sai fuskar kwamfutocin ta yi baƙi ƙirin. Daga baya aka ɗora laifin a kan na'urar ɗumama ɗaki da aka jona saboda sanyin hunturu.

Alƙalan wasa ba su ce a sake ba. Suka ce lokacin da wutar ta tafi Jaedong ne ke da rinjaye, ya fi yawan sansani da arziki, saboda haka zagayen nasa ne. Mahaifin Flash da jami'an ƙungiyarsa ta KT suka tayar da jijiyar wuya, aka daɗe ana ja-in-ja. Da aka dawo, Jaedong ya ci zagaye na huɗu, ya ɗauki kofin da ci 3 da 1. Magoya bayan Flash har yau ba su haƙura ba. Magoya bayan Jaedong ma suna da nasu ƙorafin: an ba gwaninsu kofi mai tabo, alhali a ganinsu ko ba a ɗauke wuta ba shi zai ci.

Da haka aka buɗe shekarar da ta fi kowace amfani ga mai son ya gwada gwanayen StarCraft: Brood War da juna.

Wanda ya saba da dara ya san akwai jira a cikinta: ka ajiye naka, ka zuba ido abokin wasa ya ajiye nasa. A StarCraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 1998, ba mai jiran wani. Mutum yana tura leburori haƙo ma'adinai da iskar gas, yana gina bariki, yana fitar da mayaƙa, yana leƙen asirin abokin gaba, yana kuma yaƙi a wuri biyu ko uku, duk a lokaci guda. Ba ya ganin komai a taswira sai inda mutanensa suke. Akwai ƙabilu uku da ake zaɓa. Terran 'yan Adam ne masu bindiga da tankokin yaƙi. Zerg halittu ne masu kama da ƙwari, masu arha da yawa da gudu. Protoss kuwa ba su da yawa, suna da tsada, amma kowane ɗaya ƙarfe ne.

Tsufan wasan shi ne wahalarsa. Ba a iya zaɓar mayaƙa fiye da 12 a lokaci ɗaya, ga shi runduna tana kaiwa ɗari da wani abu. Lebura ba ya tafiya aiki da kansa idan an fitar da shi, sai an nuna masa. Mayaƙa kan maƙale a lungu su toshe wa 'yan'uwansu hanya. Shi ya sa ƙwararru ke danna madannai da linzami sau 300 zuwa 400 a minti ɗaya, kuma a gidajen horo na ƙungiyoyin Koriya ta Kudu, inda 'yan wasa ke kwana suna tashi tare, awa goma na atisaye a rana ba abin labari ba ne a wancan zamanin. Tun 2001 Blizzard bai sake taɓa ƙarfin ƙabilun ba. Duk wani sauyi da aka gani bayan nan daga hannun 'yan wasa ya fito, ko daga sababbin taswirori da masu shirya gasa ke kawowa kowace kaka.

A lokacin, manyan gasannin mutum ɗaya guda biyu ne, kowace da gidan talabijin ɗinta: OSL ta tashar OnGameNet, da MSL ta MBCGame. Wanda ya ci OSL sau uku ana ba shi Linzamin Zinariya. Masoya wasan a Koriya suna da wani ɗan gajeren jerin sunaye da suke kira bonjwa, wato waɗanda suka taɓa mallake zamaninsu har ba a tambayar wane ne na ɗaya. Kafin 2010 sunaye huɗu ne a ciki.

Na farko Lim Yo-hwan ne, BoxeR, wanda ake wa kirari da Sarkin Terran. Lokacin da ya fito ana ganin Terran ce ƙabila mafi rauni. Shi kuwa sai ya ɗauki jirgin dakon sojoji mai cin mutum takwas, ya zagaya ta gefen taswira, ya sauke su a bayan gidan abokin gaba inda leburori ke aiki. Zerg suna da wata dabba, Lurker, mai binne kanta a ƙasa tana harbo ƙayoyi a miƙe, layi ɗaya, ta kashe sojoji goma idan sun jeru. BoxeR sai ya riƙa janye soja guda gefe yana yaudarar ƙayoyin, sauran suna harbi. A 2001 ya ci OSL sau biyu a jere, ya kuma ci gasar duniya ta WCG a 2001 da 2002. Ƙungiyar masoyansa a intanet ta haura mutum dubu ɗari biyar. Bai damu da a ce wasansa ba kyau ba, in dai zai ci: a wasan kusa da na ƙarshe na OSL a Nuwamban 2004 ya gina ramin tsaro a ƙofar gidan babban abokin hamayyarsa YellOw tun wasa bai kankama ba, ya maimaita dabarar sau uku a jere, ya ci 3 da nema. Mutanen da suka yi mako suna jiran gagarumin yaƙi suka tashi da takaici.

Bayansa sai NaDa, Lee Yoon-yeol, mai hannu kamar walƙiya, wanda ya tara kofi shida, uku a kowace gasa, ya kuma fara karɓar Linzamin Zinariya a 2006. Sai iloveoov, Choi Yeon-sung, yaron gidan BoxeR, wanda ya gane cewa wanda ya fi tara arziki ya fi fitar da tankoki, ba sai ya yi rawa da soja guda ba. Shi ne ya doke ubangidansa 3 da 2 a wasan ƙarshe na waccan gasa ta 2004, BoxeR ya fashe da kuka a kan dandamali.

Na huɗu shi ne kaɗai ba Terran ba. Ma Jae-yoon, sAviOr, ya kai Zerg wasan ƙarshe na MSL sau biyar a jere, ya ci uku, kuma a Fabrairun 2007 ya kayar da NaDa ya haɗa da OSL. Ludayinsa na kan dawo, mako ɗaya kacal bayan haka, ranar 3 ga Maris, a na biyar ɗin waɗannan wasannin ƙarshe na MSL, ya haɗu da wani ɗan Protoss mai shekara 17, Kim Taek-yong, wato Bisu. Tashar MBCGame ta nuna wa 'yan kallo lissafin cewa damar ɗan Protoss ya doke sAviOr a irin wannan karawa kashi 2.69 ce cikin 100. Bisu ya cika sama da jiragen Corsair, ya kakkaɓe Overlord, halittun da Zerg ke gani da su, sannan ya shigo da mayaƙan da ba a gani sai da su. Aka tashi 3 da nema. sAviOr bai sake komawa yadda yake ba, kuma a 2010 sunansa ya fito a badaƙalar sayar da wasa ga 'yan caca, hukumar KeSPA ta kore shi har abada tare da wasu 'yan wasa goma. Wasu masoya sun goge shi daga jerin, wasu sun ce abin da ya yi a 2006 ya riga ya faru.

Idan aka jera waɗannan huɗun aka ce wa ya fi, gardama ce marar ƙarshe, domin ba wasa iri ɗaya suka buga ba ko da sunansa ɗaya. Abin da BoxeR ya yi a 2001 mutane suka miƙe tsaye, zuwa 2008 yaron da ke neman lasisin shiga ƙungiya ma yana yinsa. Kofuna uku BoxeR ya ci a manyan gasannin biyu, NaDa shida, amma ba wanda zai ce NaDa ya ninka shi daraja. Kowannensu kuma ya yi sarauta ne a lokacin da na gabansa ya fara sanyi, na bayansa bai gama nuna ba. Ba a taɓa samun biyu daga cikinsu suna kan ganiyarsu a shekara guda, suna haɗuwa a wasan ƙarshe a kai a kai ba. Wannan sai a kan Jaedong da Flash.

Jaedong, haifaffen Janairun 1990, ana masa laƙabi da Azzalumin Sarki, kuma wanda ya ga fuskarsa a cikin akwatin wasa, ido a zare, gumi na zuba, ya san dalili. Makaminsa Mutalisk ne, wata halitta mai fuka-fuki. 'Yan Zerg sun gano cewa idan aka haɗa Mutalisk 11 a rukuni ɗaya da wata halitta guda da ke can nesa, sai su dunƙule su zama kamar tsuntsu ɗaya, su yi harbi tare. Ba Jaedong ya gano dabarar ba, amma a hannunsa ta zama bala'i. Dunƙulen zai shigo ta gefen sansanin Terran, ya tsinke lebura ɗaya, ya juya kafin harsashi ya same shi, ya dawo ya tsinke wani. A daidai wannan lokacin, can gida, yana ƙyanƙyashe sababbin leburori yana kafa sansani na uku. Wani lokacin ma rukuni biyu yake juyawa tare. A karawar Zerg da Zerg, wadda kowa ke ɗauka kamar caca ce saboda kuskuren daƙiƙa ɗaya ke kashe mutum, shi ya mayar da ita abin da ake iya ci kusan kullum.

Ya ci OSL ta farko a ƙarshen 2007 a kan Stork, ɗan Protoss, ya ci MSL a 2008. A Afrilun 2009 Fantasy ya sha gabansa 2 da nema a wasan ƙarshe na OSL, ya farfaɗo ya cinye ukun da suka rage. A Agusta ya sake cin OSL ya karɓi Linzamin Zinariya, a ƙarshen shekara ya ci WCG a Chengdu ta ƙasar Sin. Duk wannan yana ɗauke da ƙungiyarsa ta Hwaseung Oz a ka, har ana tsokanar ta da cewa Jaedong ne kawai a cikinta. To me ya hana a sa shi a jerin bonjwa? Masu ƙin sa suna nuna watan Agustan nan dai na 2009: a wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyi a bakin tekun Gwangalli da ke Busan ya faɗi duk wasanninsa uku a gaban ƙungiyar SK Telecom T1, sannan Calm ya fitar da shi daga MSL a wasan kusa da na ƙarshe. Suka ce sarkin gaske ba ya faɗuwa a irin wannan rana.

Flash ɗan Yulin 1992 ne. Kafin a fara wasa yakan fito da abin awo, ya auna tazarar da ke tsakanin madannai da bakin tebur da fuskar kwamfuta, sai komai ya zauna daidai yadda yake a gidan horo. 'Yan kallo suna dariya, shi ko a jikinsa. Da ya fito a 2007 an ɗauke shi yaro mai harin sari-ka-noƙe, wanda ba ya bari wasa ya yi tsawo. A Maris na 2008 ya nuna cewa lissafi ne. Ya riga ya doke Stork a wata gasa da dabarar jinkiri, wadda ke ƙarfafa makamai da sulke don daƙile manyan jiragen Protoss, kowa na ta maganarta. Stork ya zo wasan ƙarshe na OSL da shirin dogon yaƙi, Flash ya afka masa da wuri ya gama da shi 3 da nema. Yana da shekara 15, mafi ƙarancin shekarun da aka taɓa cin gasar da su.

Daga nan ya ɗan lafa a gasannin mutum ɗaya, domin shi ma kusan shi kaɗai ke riƙe da KT, har ana kiransa yaron da ke ciyar da gida. Abin da ya dawo da shi a ƙarshen 2009 wani salo ne da ba shi da ƙyalƙyali irin na BoxeR. Terran suna da na'urar da ke haska wani yanki na taswira na 'yan daƙiƙu. Flash zai haska wuri ɗaya, ya ƙirga leburori da gine-ginen da ya gani, ya san abin da bai gani ba. In ya tabbata ba hari a tafe, ba zai kashe ko sisi a kan tsaro ba, sai ya zuba komai a sabon sansani. In hari na tafe, za a tarar da abin tare shi daidai gwargwado, ba ƙari. Minti goma sha biyar sai abokin wasa ya ga rundunar da ta fi tasa yawa da ƙarfin makami tana matsowa a hankali, tanki na kafa ƙafa yana rufa wa na gabansa baya. Jaedong yakan sa mutum ya ji ana dukansa ta ko'ina. Wanda ya faɗi a hannun Flash kuwa sau da yawa ba ya iya nuna inda ya yi kuskure.

Kwanaki kaɗan kafin daren ɗauke wutar, Flash ya ci OSL ta biyu. Bayan daren, su biyun suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe har sau uku kafin shekara ta fita. A Mayu, a MSL, Flash ya ci 3 da nema. A Agusta, a MSL kuma, aka kai zagaye na biyar, Flash ya sha da ƙyar 3 da 2. Ranar 11 ga Satumba aka kai wasan ƙarshe na OSL birnin Shanghai, Flash ya ci 3 da 1 ya karɓi nasa Linzamin Zinariya. Da aka je WCG a Los Angeles, shi ya ɗauki zinariya, Jaedong ya dawo da tagulla. A shekarar nan an buga wasan ƙarshe shida a manyan gasannin biyu, Flash yana cikin duka shidan, ya ci huɗu. Ɗayan da ya kuɓuce masa ban da na Janairu shi ne wanda EffOrt ya farfaɗo daga 2 da nema ya kayar da shi a Mayu. A shekarar ce kuma KT ta ci gasar ƙungiyoyi karo na farko. A 2011 ya ƙara MSL ta uku, ya kamo NaDa a kofi shida, duk da ciwon hannun da ya kai shi ga tiyata a wannan shekarar. Masoya ba su tsaya saka shi a jerin huɗun nan ba, suka ce ya wuce jerin.

A kan wane ne ya fi, hujja tana wajen Flash, kuma mai musun haka yana da aiki a gabansa. Yawan cinsa a duk rayuwar wasansa ya haura kashi 70 cikin 100, a zamanin da kowace ƙungiya ke da masu nazarin wasanninsa, ba kuma ƙabilar da za a ce ita ce lagonsa.

Inda masoya suka yi rashin adalci shi ne a kan Jaedong. A ɗauki shekarar 2010 a cire Flash daga cikinta: mutum ya kai wasan ƙarshe huɗu cikin wata tara, bayan ya ci uku daga manyan kofunan duniyar wasan a shekarar da ta gabata. Kofunansa biyar ne, daidai da iloveoov, sun fi na sAviOr, sun fi na BoxeR. Faɗuwar Gwangalli da ake masa gori da ita, kowane ɗaya daga cikin huɗun yana da irinta, ba a dai ƙirga musu ba ne. Abin da jerin ke aunawa a zahiri shi ne wanda ya yi zamani ba tare da tsaransa a kusa ba, kuma wannan rabo ne, ba gwaninta kaɗai ba. Ana iya juya maganar ma: darajar shekarar Flash ta fito ne daga wanda ya doke. Da wasu 'yan tsaka-tsaki ya tarar a waɗannan wasanni uku, da an ce zamanin ne ya yi rauni.

Akwai masu cewa taswirorin 2010 sun fi yi wa Terran daɗi, kuma gaskiya ne cewa huɗu daga cikin biyar ɗin da aka naɗa, idan aka haɗa da Flash, 'yan Terran ne, ba ɗan Protoss ko ɗaya. Bisu ya ci MSL uku amma bai taɓa kaiwa wasan ƙarshe na OSL ba. Sai dai sauran 'yan Terran na 2010 a kan taswirorin nan suka buga, ba wanda ya yi kusa da abin da Flash ya yi.

Zamanin bai daɗe ba bayan haka. Hwaseung Oz ta watse a 2011, MBCGame ta rufe a farkon 2012 ta koma tashar kiɗa, OSL ta ƙarshe ta Brood War kuma JangBi ne ya ci ta a bazarar 2012, bayan Fantasy ya fitar da Flash 3 da nema. Aka mayar da 'yan wasa StarCraft II. A can Jaedong ya ɗan rama: ya koma ƙungiyar Evil Geniuses ta Amurka, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a BlizzCon ta 2013, inda sOs ya doke shi, matakin da Flash bai taka ba a sabon wasan, ko da yake ya ci gasar IEM a Toronto a 2014.

Dukansu sun dawo tsohon wasan a 2016, suna bugawa kai tsaye a dandalin AfreecaTV, masu kallo na aiko musu da kuɗi. A Janairun 2017 suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na sabuwar gasar ASL, aka sake kai wa zagaye na biyar, Flash ya sake ci 3 da 2. Ya ɗauki wannan kofin da biyun da suka biyo baya, ya ƙara na huɗu a 2019. A 2020 ya ajiye Terran, ya shiga gasar da zaɓin da kwamfuta ke jefa wa mutum kowace ƙabila ta ga dama a farkon kowane zagaye, ya kara da mutanen da suka shekara goma sha wani abu suna buga ƙabila ɗaya, ya ƙare a matsayi na uku.